Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: abin da kunne ke tsinta a muryar mutum

 Yau za mu duba wani abu ne da kowa ke yi kullum ba tare da ya lura ba, wato auna mutum da muryarsa.

Duk mai bin filin gaishe-gaishe ya san abin da muke nufi. Mai kira ya yi sallama, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba, amma a majalisar shayi an riga an fara gardama. Wannan ya ce Ba'adare ne, wancan ya ce a'a, Bagobiri dai. Wani ya ce tsoho ne, wani ya ce ɗan lakkwal ne, ku ji yadda yake jera magana. Kafin bawan Allah ya kai ga gaida surukansa, an ba shi gari, an ba shi shekaru, an ba shi sana'a, wani lokaci har da hali.

To daga ina kunne ke samo duk wannan? Wanne ne gaskiya a ciki, wanne ne zato? Amsar tana da amfani, don a yau da murya ake neman aiki ta salula, da ita ake neman ɗakin haya, da ita ake roƙon ɗan uwa ya aiko kuɗi, kuma a wasu wuraren da ita ake fara zargin mutum.

Abin da jiki ke sa wa murya

A cikin maƙogwaro, daidai bayan zakaran wuya, akwai wasu tantani guda biyu. In iska ta taso daga huhu ta ratsa tsakaninsu, sai su riƙa kaɗawa kamar tsirkiyar molo in an taɓa ta. Wannan kaɗawar ita ce asalin murya. Harshe da leɓɓa da hanci su ke sarrafa ta har ta zama magana.

Tantanin babban namiji ya fi na mace tsawo da kauri, shi ya sa yake kaɗawa a hankali, wajen sau 120 a sakan guda. Na mace yana yin wajen sau 200 ko fiye kaɗan, na ƙaramin yaro kuwa yakan kai 300. Mai molo ya san wannan: tsirkiya doguwa mai kauri ita ke ba da amo mai zurfi. Lokacin balaga maƙogwaron yaro namiji yana girma da sauri, shi ne ake cewa muryarsa ta buɗe. Da tsufa kuma tantanin yana rage ƙarfi, sai murya ta soma rawa ko ta dushe.

Don haka wajen gane namiji da mace, ko yaro da babba, kunne ba ya cika kuskure. Ko ta tarho ma yana ganewa, alhali layin tarho na yau da kullum yana yanke sautin da ke ƙasa da kaɗawa 300 a sakan, wato yana yanke gindin muryar namiji ɗungurungum. Ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbin daga sauran amon da ya wuce.

Amma ko a nan akwai abin lura guda biyu. Na farko, an gwada an gani cewa masu saurare kan iya bambanta muryar yaro da ta yarinya tun kafin su balaga, lokacin da maƙogwaronsu kusan ɗaya ne. Ke nan tun suna ƙanana yara ke koyon yadda maza ke magana da yadda mata ke magana a gidansu. Ba jiki kaɗai ke yin aikin ba. Na biyu, mutane na ɗauka mai babbar murya ƙato ne. Tsakanin maza manya, alaƙar kaurin murya da girman jiki ƴar kaɗan ce. Taba sigari, ƙurar hunturu, mura, ko shekarun da mutum ya yi yana talla da kiran fasinja a tasha, duk suna sauya murya. Shi ya sa sau da yawa in masu saurare suka haɗu da ma'aikacin rediyon da suka saba ji, sai su ce: “Ashe kai ne? Mun zaci wani zabgegen mutum.”

Abin da gari ke sa wa harshe

Babban abin da kunnen Bahaushe ke kamawa shi ne karin harshe. Hausa ɗaya ce, amma kowane yanki da irin tasa: Katsinanci, Gobiranci, Adaranci, Arewanci, Kurfayanci, Damagaranci, Agadasanci, sannan Kananci, Sakkwatanci, Dauranci, Zazzaganci da sauransu a ƙetaren iyaka.

Hausar da ake rubuta littattafai da ita, wadda kuma manyan gidajen rediyo ke karanta labarai da ita tun lokacin da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, an gina ta ne galibi a kan Hausar Kano. In ka nufi yamma, wajen Gobir, Ƙonni, Tawa, Dogon Dutsi da Sakkwato, sai ka ji abubuwa sun sauya. Inda Bakano ke cewa “muka zo, suka tafi, aka ce”, mutumin yamma zai ce “munka zo, sunka tahi, anka ce”. Inda ake cewa “shi ne, ita ce”, zai ce “shi na, ita ta”. “Wannan” ya koma “wanga” ko “wagga”. “Fara” ya koma “hwara”, “fita” ya koma “hita”. “Ranka ya daɗe” ya koma “ranka shi daɗe”. Hausar Damagaram ta fi kusa da ta Daura da Kano. Ta Maradi kuwa Katsinanci ce, tana tsakiya, ta ɗebo nan ta ɗebo can. Kalma biyu ko uku irin waɗannan sun isa kunne ya sa mutum a taswira.

Ga wani abu da ya kamata kowane ɗan ƙauye ya sani. Akwai kalmomin da ake yi wa dariya a birni, ana cewa Hausar ƙauye ce: “zamna” maimakon “zauna”, “sabka” maimakon “sauka”, “abduga” maimakon “auduga”, “biyat” maimakon “biyar”. Masana harshe sun nuna cewa waɗannan su ne tsofaffin siffofin kalmomin. Wani Bajamushe mai suna August Klingenheben ya bayyana tun wajen 1928 yadda baƙaƙen ƙarshen gaɓa suka yi laushi a Hausar gabas, har “m” da “b” suka koma “u”. Ke nan tsohuwar da ta ce maka “zamna” ba ɓata Hausa ta yi ba. Ita ta riƙe ta yadda kakanni suka bar ta.

Yaushe mutum ke ɗaukar wannan karin? Tun da wuri ƙwarai. Jinjiri yana jin muryar uwarsa tun yana ciki, a watannin ƙarshe, kuma wani bincike na 1980 a Amurka ya nuna cewa jariri ɗan kwana biyu ko uku yana fifita muryar uwarsa a kan ta wata mace. A 2007 Katherine Kinzler da abokan aikinta sun gwada yara a Amurka da Faransa, suka ga jarirai ƴan wata biyar zuwa shida sun fi kallon wanda ya yi magana da harshen gidansu, yara ƴan shekara biyar kuma sun fi zaɓen aboki mai irin karinsu. Da yaro ya fara fita wasa, sai harshensa ya bi na abokan wasa fiye da na iyaye. Shi ya sa ɗan Ba'adaren da aka haifa a zangon Kumasi yake yin Hausar Kumasi, komai Adarancin ubansa. Bayan balaga kuwa harshe ya riga ya zauna. Mutum na iya ƙara kalmomi, ya shekara ashirin a Abijan ko Tirabulus, amma in ransa ya ɓaci ko ya ji daɗi ƙwarai, Hausar garinsu ce ke fitowa.

Hausar da aka koya da girma

Fiye da rabin ƴan Nijar Hausa ce harshen uwarsu, wasu da yawa kuma sun koye ta a kasuwa, a bariki ko a gidan aure. Kunne yana gane su ta hanya uku.

Ta farko, baƙaƙe masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ da kuma ts. Su ke raba “baƙi” da “baki”, “ƙare” da “kare”, “ɓata” da “bata”. Zabarmanci ba shi da waɗannan sautuka, don haka Bazabarmen da ya koyi Hausa da girma yakan furta su a sake. Fulatanci yana da ɓ da ɗ da ƴ, amma ba shi da ƙ da ts, kuma Fulani da yawa kan maida “z” ta koma “j”.

Ta biyu, namiji da mace a nahawu. Hausa tana raba “ya zo” da “ta zo”. Zabarmanci da Barbarci da Fulatanci ba sa raba su, kalma ɗaya ke tsaya wa shi da ita. To in ka ji mutum ya ce “matata ya zo”, tsarin harshensa na farko ne ya biyo shi. Kuma kada a manta, a Zazzau da Bauchi akwai Hausawa haifaffu da ba su cika yin wannan rabon ba, haka ma a zangunan Gana.

Ta uku, karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan kalma. “Wuya” na jiki da “wuya” ta wahala haruffansu ɗaya, hawa da sauka ne suka raba su. Wannan shi ya fi wuyar koyo da girma, kuma shi ne kunne ke fara kamawa ko da mutum bai yi kuskuren kalma ko ɗaya ba.

Abin da duk wannan ke nunawa shi ne mutumin yana da wani harshe kafin Hausa. Wanda ake wa dariya don ya ce “kare” a wurin “ƙare”, harshe biyu ko uku yake ji, mai dariyar kuwa sau da yawa ɗaya gare shi.

Lakkwal, allo da fada

Ban da gari da ƙabila, murya tana ɗauke da alamar inda mutum ya zauna. Wanda ya yi lakkwal a Nijar yakan yayyafa Faransanci a magana, “bon”, “donk”, “wala”. Wanda ya yi boko a Najeriya Ingilishi yake yayyafawa. Kalmomin aro ma sun rabu. Mu nan muna cewa lakkwal, mushe, kamyo, montur, kuran, alimeti. Can ana cewa makaranta, tica, tirela, agogo, lantarki, ashana. A nan in mutum ya ce zai je likita, wurin yake nufi, can sai a ce asibiti. “Biro” a wurinmu wurin aiki ne, a Kano kuwa abin rubutu ne. Kuma duk wanda ya ƙirga kuɗi da dala, ya ce dala ashirin yana nufin sefa 100, ko jika yana nufin sefa 1,000, an san ƙasar da ya yi ciniki.

Wanda ya daɗe a gaban malam ana ji a yadda yake furta kalmomin Larabci da yadda addu'a ke ratsa maganarsa. Wanda ya tashi a fada ana ji a gaisuwarsa da yadda yake ce wa babba “ku”. A al'adarmu babban mutum ba ya ɗaga murya, yana magana ƙasa-ƙasa a hankali, ɗaga murya da sauri aikin maroƙi ne da sanƙira. Macen da ta tashi cikin kunya ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, sai ta kewaya.

Waɗannan alamun su suka fi sauƙin sawa da cirewa, kamar riga. Mutum ɗaya yana da muryar da yake yi wa mahaifiyarsa, da wadda yake yi wa abokansa, da wadda yake yi in ya shiga biro neman takarda. Wannan ba munafunci ba ne, kowa na yi. Amma tun da ana iya sawa da cirewa, to ana iya ara don a ruɗi mutane. Za mu dawo kan wannan.

Inda kunne ke ƙara nasa

Zuwa nan, abin da kunne ke ji yana da tushe. Matsalar tana farawa ne daga mataki na gaba, lokacin da muka tashi daga “wannan mutumin wuri kaza ne” muka faɗa “saboda haka halinsa kaza ne”. Masana sun gwada wannan, kuma yadda suka gwada shi yana da ban sha'awa.

A 1960, a birnin Montiriyal na ƙasar Kanada, inda masu Faransanci da masu Ingilishi ke zaune tare, Wallace Lambert da abokan aikinsa suka samo mutanen da suka iya harsunan biyu sosai. Kowannensu ya karanta rubutu ɗaya sau biyu, sau ɗaya da Faransanci, sau ɗaya da Ingilishi, aka ɗauki muryar. Sai aka sa wa ɗalibai, ba a gaya musu cewa mutum ɗaya ne ke magana sau biyu ba, aka ce su kimanta kowane mai magana. Ɗaliban suka ce masu Ingilishin sun fi basira, sun fi abin dogaro, sun fi kyau, har ma sun fi tsawo. Abin da ya fi ba da mamaki, ɗalibai masu Faransanci su ma haka suka ce game da harshensu. A lokacin masu Ingilishi ne ke riƙe da dukiya da manyan ayyuka a birnin. Mutum ɗaya ne, maƙogwaro ɗaya, amma kunne ya ba shi daraja biyu.

A Amurka, wani masanin harshe baƙar fata mai suna John Baugh ya riƙa buga tarho ga masu gidajen haya a yankin San Faransisko. Lamba ɗaya yakan kira ta sau uku, da karin magana iri uku: na fararen fata masu ilimi, na baƙaƙen fata, da na ƴan asalin Meziko. A unguwannin da fararen fata suka fi yawa, murya ta farko ce aka fi ce wa ta zo ta duba gida, sauran biyun sau da yawa a ce musu an riga an kama. Binciken, wanda ya fito a 1999, ya kuma nuna cewa daga kalmar gaisuwa guda ɗaya, irin “alo” ɗin da muke cewa in mun ɗauki salula, masu saurare kan gane karin mai magana fiye da sau 70 cikin 100.

Akwai ma gwajin da ya nuna kunne na iya jin abin da babu. A 1992 Donald Rubin ya sa wa ɗalibai a Amurka darasin da wata Ba'amurkiya haifaffiya ta karanta. Wasu aka nuna musu hoton farar mace, wasu aka nuna musu hoton mace ƴar Asiya, aka ce ita ce mai magana. Waɗanda suka ga hoto na biyu suka ce sun ji baƙon lafazi, kuma suka fi kasa fahimtar darasin, alhali murya ɗaya aka sa wa kowa.

Hausawa na cewa kunne ya girmi kaka. Haka ne, kunnenmu yana ɗauke da labaran da muka ji tun muna yara: mutanen wuri kaza masu rowa ne, na wuri kaza masu faɗa, na wuri kaza masu wayo. In muka ji karin harshe, sai waɗannan labaran su taso su manne wa mai magana, mu kuma mu ɗauka a muryarsa muka ji su.

Muna da wurin da al'ada ta ware wa irin wannan, wato wasan barkwanci, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Bagobiri ya kwaikwayi Hausar Bazabarme, Ba'are ya tsokani Bafillace, Bafillace ya tsokani Babarbare, a yi dariya a rabu lahiya. Amma wasan taubasai yana da ƙa'ida: kowa na da ikon ramawa, kuma ba a hana wa taubashi haƙƙinsa. Yaron da ya zo daga ƙauye aka yi wa Hausarsa dariya a aji har ya daina ɗaga hannu, ko matar da aka bari a ƙarshen layi a likita don ba ta iya jera magana irin ta birni ba, su ba su da hanyar ramawa. Wannan ba wasa ba ne.

Iyaka ba ta raba harshe ba

Kuskure mafi hatsari shi ne a ce an gane ƙasar mutum daga muryarsa. Iyakar Nijar da Najeriya, mai tsawon kilomita wajen 1,500, Faransa da Ingila ne suka shata ta a yarjejeniyoyin da suka yi tsakanin 1898 da 1906. Hausa ta riga ta da ɗaruruwan shekaru. Sarautar Maradi ta Katsinawa ce da suka baro Birnin Katsina bayan jihadin da aka soma a 1804, ta Tibiri kuma ta Gobirawa ce. Shi ya sa Hausar mutumin Ɗan Isa ta fi kama da ta Jibiya a kan ta Tawa. Ta Magarya ta fi kama da ta Daura. Ta Ƙonni da ta Illela kuwa, sai wanda ya san su sosai zai raba.

Wannan ya shafi rayuwar mutane kai tsaye. Tun daga 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako jahar Maradi, musamman wajen Gidan Rumji, suna gudun ƴan bindiga. Wanda ya gudo da wanda ya kore shi kari ɗaya suke yi, don ƙasa ɗaya ta raine su. Haka makiyayin da aka sace wa shanu, Hausarsa ɗaya da ta wanda ake zargi da satar. In aka ce “mun ji maganarsu, irin mutanen nan ne”, abin da aka gano shi ne yanki ko harshen uwa, kuma wannan ya haɗa dubban bayin Allah da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kama da wane ba ta wane.

Ƴan uwanmu da ke Turai sun san wani salon wannan. Tun shekarun 1990 wasu ƙasashe, irin su Suwidin, Holan da Suwizalan, suke ɗaukar muryar mai neman mafaka su ba masu bincike don a tantance ko daga inda ya ce ya fito yake. A 2004 wani rukunin masana harshe daga ƙasashe daban-daban ya fitar da ƙa'idoji yana gargaɗi cewa harshe na iya nuna cikin mutanen da mutum ya tashi, amma ba ya nuna takardar ƙasarsa. Ga Bahaushe wannan a fili yake. Yaron da aka haifa a Madarunfa, aka kai shi almajiranci Kano yana ɗan shekara bakwai, ya dawo da gemu, Kananci zai yi, kuma ɗan Nijar ne.

Masu aron murya

Mun ce alamun matsayi ana iya aronsu. Ƴan damfara sun fi kowa sanin haka. Wani zai kira da murya a natse, yana yayyafa Faransanci, ya ce daga kamfanin salula ne ko daga wata ƙungiyar agaji, ka ci kyauta, ka turo lambar sirri. Wani zai zo da muryar malanta, ayoyi da addu'o'i, ya ce an nuna masa wani abu a kanka. Wani kuma zai kira ɗan bida da Hausar garinsu tsantsa, ya gaishe shi yadda ake gaisuwa a gida, ya ce tsohuwa na kwance a likita, a turo kuɗi yanzu-yanzu. Mutumin da ya shekara uku bai ji karin garinsu ba, da ya ji shi sai zuciyarsa ta yi sanyi, ya saki jiki. A nan ake cin sa.

Yanzu kuma an samu manhajojin kwamfuta da ke iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙon murya, irin wanda muke turawa a WhatsApp kullum. Ke nan ko ka ji muryar ƙanenka sak, jin kaɗai bai isa hujja ba in maganar kuɗi ce.

Abin da za mu riƙe

Na ɗaya, in an kira ka kan kuɗi, kashe ka kira lambar da ka sani da kanka, ko ka kira wani na gida ya je ya gani da ido. Ka tambayi abin da ɗan gida kaɗai ya sani. Mai gaskiya ba zai ji haushin jinkirin minti biyar ba.

Na biyu, in ka ji zuciyarka ta yanke wa mutum hukunci daga gaisuwarsa, tambayi kanka: me ya faɗa, me ya aikata? In amsar ita ce bai yi komai ba tukuna, karinsa kawai ka ji, to dakata. Wannan ya fi wajaba a kan mai gidan haya, mai ɗaukar aiki, mushe a aji, ma'aikacin likita, da ƴan sintirin gari.

Na uku, in za ka ba da labarin wani abu da ya faru, faɗi abin da ka gani da abin da aka ce. Kada ka ɗora laifi a kan ƙabila ko gari don ka ji karin harshe cikin duhu. Magana irin wannan in ta shiga WhatsApp ba ta dawowa.

Na huɗu, ga iyaye da ke ƙasashen waje: in ɗanku ya kira gida yana cewa “kaka ya ce”, kada a yi masa dariya har ya ji kunyar yin Hausa. A gyara masa cikin wasa, a ci gaba da yi masa magana. Yaron da aka kunyata sau biyu, sau uku, yakan koma Faransanci ko Larabci ya yi shiru da Hausar gaba ɗaya.

Na biyar, kada kowa ya ji kunyar Hausar garinsu. Tun da aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare a 1999, amfanin irin waɗannan gidajen shi ne mutum ya ji ana magana yadda ake yi a ƙofar gidansu. Daidaitacciyar Hausa tana da wurinta, a littafi da takarda da labaran duniya, kuma yana da kyau yara su iya ta. Mai “munka” da mai “muka” duk Hausa suke yi.

Muna jiran saƙonninku. Ku turo mana kalmomin da ake faɗi a garinku waɗanda ba a faɗi a wani wuri, da yadda ƴaƴanku da aka haifa a waje ke furta su, za mu karanta su a shiri na gaba in Allah ya kai mu.